Daga Ƙofar Gida Zuwa Ƙofar Asibiti: Tsira da Girman Ƙananan Yara a Birnin Kano, Nazari Daga Mazaɓar Ƙofar Ruwa

Tsakure

Takardar nan ta dubi halin da yara 'yan ƙasa da shekara biyar suke ciki a birnin Kano, ta ɗauki mazaɓar Ƙofar Ruwa da ke ƙaramar hukumar Dala a matsayin wurin nazari. An dogara da alƙaluman binciken lafiya na ƙasa, da rahotannin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da tarihin rigakafi a Kano daga 1996 zuwa yau. Takardar ta nuna cewa zama kusa da asibiti bai isa ya tsare ran yaro ba, matuƙar gida bai yarda da ma'aikacin lafiya ba, uwa ba ta da izinin fita, uba kuma ba shi da abin hannu. Ta kuma nuna cewa tsumburewa tana cin yara tun kafin a san suna ciwo. A ƙarshe an ba da shawarar mayar da tsarin bi gida-gida da Kano ta gina a yaƙi da shan inna zuwa hidimar awon girma da ciyar da yara.

Fitilun Kalmomi: Lafiyar yara, tsumburewa, tamowa, rigakafi, Ƙofar Ruwa, Kano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san Ƙofar Ruwa ya san ta da kasuwa. Nan ake sayen rodi da kwanon rufi da kayan gyaran mota, nan kuma magidanta da yawa suke fita neman na cefane kullum. Mazaɓar tana cikin ƙaramar hukumar Dala, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana ɗauke da mutum sama da 400,000 a ɗan ƙaramin fili. Asibitin Ƙashi na Dala yana maƙwabtaka da ita. Asibitin Murtala da Asibitin Yara na Hasiya Bayero suna cikin birni, A Daidaita Sahu yana kai mutum. Kemis kuwa da wuya a rasa shi a unguwa. A ƙa'ida, yaron da aka haifa a irin wannan wuri bai kamata gudawa ko zazzaɓi su yi ajalinsa ba.

Sai dai binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a jihar Kano, 164 ba sa kai shekara biyar, wato kusan ɗaya cikin shida. Cikin waɗanda suke raye kuma, kimanin kashi 57 cikin 100 sun tsumbure. Alƙaluman na jiha ne, sun haɗa birni da ƙauye, amma annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta tabbatar da cewa cunkusassun unguwannin birni da kewaye, har da na Dala, ba su tsira ba.

Tambayar da takardar ta ɗora kanta a kai ita ce: me yake tsayawa tsakanin ƙofar gida da ƙofar asibiti, a wurin da nisa ba shi ne matsala ba?

2.0 Inda Duniya Ta Kai da Inda Muka Tsaya

A 1990 yara sama da miliyan 12 ne suka mutu a duniya kafin su cika shekara biyar. A 2023 adadin ya sauko zuwa kimanin miliyan 4.8. Ma'aunin mace-macen ya ragu daga sama da 90 cikin 1,000 zuwa 37. Abubuwan da suka kawo wannan sauƙi ba masu tsada ba ne. Shirin faɗaɗa rigakafi na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fara a 1974. Taron Alma-Ata na 1978 ya ɗora lafiya matakin farko a gaba. A 1982 James Grant, shugaban UNICEF na lokacin, ya tattara yaƙin a kan abu huɗu: awon girma, ruwan gishiri da sukari, shayar da nono, da rigakafi. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya kafa wannan tafarki da ƙarfinsa.

Muradun ci gaba mai ɗorewa sun sa wa kowace ƙasa iyaka zuwa 2030: kada mace-macen 'yan ƙasa da shekara biyar su wuce 25 cikin 1,000, na jarirai 'yan ƙasa da wata ɗaya kuma kada su wuce 12. Najeriya tana kan 132 a binciken 2018, ta sauko zuwa 110 a na 2023 zuwa 2024. An samu ci gaba, amma tafiyar da sauranta. Bambancin da ke tsakanin sassan ƙasar ma ya fi tayar da hankali: a 2018 Arewa maso Yamma tana kan 187, alhali wasu jihohin Kudu maso Yamma suna ƙasa da 60.

Cututtukan da ke kashe yaran sanannu ne. A watan farko akwai haihuwar bakwaini, da shaƙewa wajen haihuwa, da shigar ƙwayoyin cuta, sau da yawa ta cibiya. Bayan nan sai zazzaɓin cizon sauro, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa da shi a duniya 'yan Najeriya ne, da nimoniya, da gudawa, da ƙyanda. Sikila ma tana da nata kaso, kuma wasu daga cikin matan da a da ake kira masu wabi, ita ce take ɗauke musu 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Dokar gwajin lafiya kafin aure da jihar Kano ta zartar a 2024 ta taɓo wannan fanni. Ƙarƙashin duk waɗannan akwai rashin abinci mai gina jiki, wanda aka ƙiyasta yana da hannu a kusan rabin mace-macen ƙananan yara a duniya.

3.0 Girma: Kwana Dubu na Farko

Rashin abinci mai gina jiki iri biyu ne da ya kamata a rarrabe. Akwai rama, wato nauyin yaro ya gaza na tsayinsa, wadda in ta yi tsanani ake kiranta tamowa. Ita tana zuwa da sauri, ido yana ganinta, tana kuma kisa da sauri. Akwai kuma tsumburewa, wato tsayin yaro ya gaza na shekarunsa. Ita a hankali take shiga. Yaro yana wasa, yana dariya, ba wanda zai ce a kai shi asibiti. Idan fiye da rabin yaran gari sun tsumbure, ido yakan saba, gajartar ta zama ita ce daidai, a ce ai gado ne, haka danginsu suke.

Bincike bai goyi bayan wannan magana ba. Tsakanin 1997 da 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yara kimanin 8,500 a ƙasashe shida: Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An zaɓi yaran da aka shayar da nono, aka raine su cikin wadata da tsabta. Sakamakon ya nuna cewa a shekarun farko girmansu kusan ɗaya ne duk da bambancin ƙabila da ƙasa. A kan wannan aka gina ma'aunin girma na 2006 da ake amfani da shi a asibitocinmu. Ma'anarsa, ɗan Ƙofar Ruwa da ya sami abin da ɗan Oslo ya samu zai yi girma irin nasa.

Mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kimanin kwana 1,000. Uwar da take da ƙarancin jini, ko ta ɗauki ciki tana ƙarama, ko ta yi kwanika, takan haifi jariri marar nauyi. Binciken 2018 ya nuna cewa haɗarin mutuwar yaron da aka haifa ƙasa da shekara biyu bayan yayansa ya haura ninki biyu na wanda aka ba tazarar shekara huɗu ko fiye.

Bayan haihuwa sai batun dakashi, nonon farko mai kauri, wanda a wasu gidaje ake matsewa a zubar don ana ganin ba shi da kyau, alhali cike yake da garkuwar da jariri zai fara kare kansa da ita. Sai batun ruwa. A zafin Kano, hana jariri ruwa abu ne da zuciyar kaka ba ta ɗauka da sauƙi, kuma tausayi ne yake sa ta. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Ruwan da aka ɗura wa jariri yana cika masa ciki ya rage tsotso, yana kuma iya shigar masa da ƙwayoyin gudawa. Kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida a Najeriya suke shan nono zalla.

Daga wata shida nono kaɗai ya daina isa, a nan ne kuma layin girma yake fara lanƙwasa. Abin da aka fi ba yaro shi ne koko tsararo. Cikinsa ƙarami ne, kokon ya cika shi, amma abin gina jikin da ke ciki kaɗan ne. Ƙa'idar duniya ita ce yaro ya ci daga aƙalla rukuni biyar cikin rukunan abinci takwas a rana. A 2018 kashi 11 cikin 100 ne kacal na yara 'yan wata 6 zuwa 23 a ƙasar nan suke samun abincin da ya cika mafi ƙarancin sharaɗi ta fuskar yawa da iri-iri. Gyaran kuwa yana cikin abincinmu: a dama kunu da kauri, a sa gyaɗa ko garin waken suya ko na ƙuli-ƙuli, a ɗiga manja, a ba yaro wake da zogale da hanta da busasshen kifi da ƙwai. Tsohuwar maganar cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata ta hana yara da yawa ɗaya daga cikin mafi amfanin abinci.

Sai cuta ta zo ta ƙarasa. Gudawa tana cinye abin da yaro ya tara, tana kashe masa cin abinci, jikin da ya raunana kuma ya fi saurin sake kamuwa. Sau da yawa a kan ce haƙori ne, a jira ya fito. Muhalli yana da babban kaso a nan. A tsofaffin unguwannin birni gidaje da dama sun dogara da 'yan garuwa, rijiya tana kusa da masai, kwata tana bi ta ƙofar gida inda yara suke rarrafe. Manyan gwaje-gwajen da aka yi a Bangaladash da Kenya da Zimbabuwe, aka buga sakamakonsu a 2018 da 2019, sun nuna cewa raba wa gidaje sabulu da maganin tace ruwa da gyara masai bai ƙara wa yara tsayi ba. Darasin da masana da yawa suka ɗauka shi ne, gyaran gida ɗaya-ɗaya ba ya isa idan unguwar gaba ɗaya tana cikin ƙazanta. Aikin na gwamnati ne: ruwan famfo daga Tamburawa da Challawa ya riƙa isa lunguna, a kuma gyara magudanai.

Illar tsumburewa ba ta tsaya ga tsayi ba. A daidai wannan lokaci ne ƙwaƙwalwa take ginuwa. Yaron da ya tsumbure ya fi fuskantar wahala a karatu, samunsa yakan yi ƙasa in ya girma, in mace ce kuma ta fi yiwuwar haihuwar jariri marar nauyi. Bayan shekara biyu da wuya a maido da abin da ya wuce.

4.0 Abubuwa Uku da Ke Tsaye a Bakin Ƙofa

4.1 Yarda

Tarihin rigakafi a Kano tarihin yarda ne da rashinta. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya. Cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a nemi amincewarsu yadda ya kamata ba. An daidaita da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da jita-jita ta bazu a 2003 cewa maganin shan inna yana hana haihuwa, ta tarar da zukatan da suka riga suka yi rauni. Gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai Yulin 2004, bayan an samo magani daga Indunisiya. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 20, a 2006 kuma yaran da ta shanye a Najeriya sun haura 1,000. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a wurare biyu a cikin Kano.

Duk da haka Kano ta ci wannan yaƙi, kuma yadda ta ci shi ne abin nazari. An sa sarakuna a gaba, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko a 2009 ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin, malamai suka yi bayani a masallatai. Daga 2012 aka ɗauki mata 'yan sa-kai daga cikin unguwanninsu, suna shiga gida-gida, suna halartar suna, suna rubuta kowane jariri. Gwamnatin Kano ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Gates da ta Ɗangote don ƙarfafa rigakafin yau da kullum. An kuma saurari ƙorafin iyaye da ke cewa kullum ɗigon shan inna ake kawo musu kyauta, alhali zazzaɓi ne yake kashe musu 'ya'ya, sai aka riƙa kafa sansanonin duba marasa lafiya tare da rigakafin. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Kano an same shi ne a Sumaila ranar 24 ga Yulin 2014. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Mashaƙo ya zo ya nuna gurbin da aka bari. Allurar da ke kare shi tana cikin ta cututtuka biyar da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma ita sai an kai yaro asibiti. Mafi yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu a ƙasar nan 'yan Kano ne, akasarinsu ba su da cikakken rigakafi. Mun iya kai ɗigo ƙofar gida, amma ba mu gama koyon fito da yaro zuwa sha-ka-tafi ba. A 2023 Najeriya ce kan gaba a duniya da yara kimanin miliyan 2.1 da ba su sami ko allurar farko ba.

Yarda kuma tana ginuwa ko ta rushe a teburin ma'aikaci. Uwar da aka yi wa tsawa a gaban jama'a don ta makara ko ta ɓatar da kati, da wuya ta dawo. Wadda ba a gaya mata cewa ɗan zazzaɓi bayan allura ba abin tsoro ba ne, in yaro ya kwana yana kuka, maigida zai ce an yi na ƙarshe.

4.2 Izini

Kusan duk faɗakarwar lafiyar yara uwa ake yi wa, a wurin awon ciki ko ranar rigakafi. Amma a mafi yawan gidajenmu ba ita kaɗai take yanke hukunci ba. Fita sai da izinin maigida, kuɗin mota da na magani daga aljihunsa. Ba jariri ruwa, da kiran wanzami ya cire beli, da abin da za a shafa wa cibiya, da lokacin yaye, galibi maganar kaka ce, musamman a haihuwar fari da yarinya take wanka a gaban iyayenta. An ilimantar da wadda ba ta da iko, an bar masu ikon.

A unguwar 'yan kasuwa irin Ƙofar Ruwa abin yana da siffa ta musamman. Magidanci ya fita da safe, ba ya dawowa sai Magariba. Awo da rigakafi da safe ake yin su. Zazzaɓin da ya tashi da hantsi yakan jira dare, a je kemis, a ce a ga abin da gobe za ta yi. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kuwa yana iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Jinkirin irin wannan ba ƙiyayya ce ta kawo shi ba, rashin tsari ne, kuma yana gyaruwa da magana ɗaya: maigida ya ba da izini tsayayye cewa duk lokacin da aka ga alamar haɗari a fita da yaro ba sai an jira shi ba. Alamomin sanannu ne: jijjiga, ƙin kama nono, amai da duk abin da aka ba shi, numfashi sama-sama da faɗawar haƙarƙari, suma ko yawan barci marar dalili, da kumburin ƙafafu.

Addini yana tare da wannan. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa ta shekara biyu, ita ce kuma ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Lafiyar yaro amana ce a wuyan uba kafin kowa. Ilimin uwa ma yana da nauyi babba: a binciken 2018 mace-macen 'ya'yan matan da ba su yi makarantar boko ba sun kai kusan ninki uku na 'ya'yan waɗanda suka wuce sakandare.

4.3 Abin Hannu

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyaci yake fita. Shi ya sa kemis ya zama asibitin talaka, inda ake sayen magani gwargwadon kuɗi, rabi ko sulusi, ba tare da gwaji ba. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Idan kuɗin cefane ya gaza, ƙwai da kifi da wake ne suke fara fita daga tukunya, wato ainihin abin da ɗan yaye yake buƙata.

A 2025 kuma Amurka da wasu ƙasashe suka zabtare tallafin da suke bayarwa. A Yulin shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida. Tsare-tsaren cikin gida suna nan: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun lafiya matakin farko, Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya da asusun amana na lafiya, alƙawarin Abuja na 2001 kuma ya nemi a ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Ma'aunin amfaninsu ɗaya ne: ranar da uwa ta je sha-ka-tafi, ta tarar da ma'aikaci da magani ko ba ta tarar ba.

5.0 Darussa Daga Gida da Maƙwabta

Katin awon girma da duniya take amfani da shi a Najeriya ya samo asali. Dakta David Morley, wanda ya zo ƙasar nan a 1956, shi ya ƙirƙiro shi a ƙauyen Imesi-Ile na ƙasar Yarabawa, tare da asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar. Hikimarsa ita ce katin ya zauna a hannun uwa, a riƙa auna yaro kowane wata, domin nauyin da ya tsaya cak yana yin gargaɗi watanni kafin ciwo ya bayyana. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna cewa awo kaɗai ba ya ƙara wa yaro komai, sai an haɗa shi da shawara da magani da abinci. A yau katin yakan zama na rubuta ranar allura kawai, da an gama ta ƙyanda a wata tara sai zuwa asibiti ya yanke, daidai lokacin da girma yake cikin haɗari.

Darasi na biyu daga Maraɗi ne. A yunwar 2005 MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa a Nijar, akasarinsu a gidajen iyayensu, da haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari da sinadarai wanda André Briend da kamfanin Nutriset suka samar a 1996. Nasarar tana cikin abin da ya sa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da jinyar tamowa a cikin al'umma a 2007, Najeriya kuma ta fara a 2009. Gyaɗar da take ceton yaran nan ita ce wadda Kano ta yi suna da ita tun zuwan jirgin ƙasa a 1911, har aka riƙa tara dalarta a Ƙofar Mazugal, maƙwabciyar Ƙofar Ruwa. Kasuwar hatsi ta Dawanau ma tana nan a hanyar Katsina. Gari irin wannan ya cancanci ya ciyar da 'ya'yansa da abin da yake nomawa, muddin an kula da bushewa da ajiyar gyaɗa don kauce wa gubar funfuna.

Na uku daga Mirya ne a jihar Damagaram ta Nijar, inda ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da ɗan tsiri mai launi uku. Ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani; rawaya gargaɗi ne; kore lafiya. An gano cewa uwaye suna yin awon daidai da ma'aikatan sa-kai, suna kuma kawo yara da wuri. Nijar ɗin ce kuma, duk da talaucinta, ta rage mace-macen yara daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, ta hanyar ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, da jinya kyauta ga 'yan ƙasa da shekara biyar daga 2006, da gidan sauro, da bitamin A. Da yawa daga cikin mutanen Nijar Hausawa ne 'yan uwanmu, al'adunmu ɗaya.

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, matan da suka yi aikin bi gida-gida a yaƙin shan inna a ba su aiki na dindindin da albashi daga kasafin jiha, su riƙa ziyartar kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyu sau ɗaya a wata, suna duba kati, suna auna damtse, suna nuna damun kunu mai gina jiki, suna ɗauke da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki.

Na biyu, a raba tsirin awon damtse ga kowace uwa, a koya mata tare da kakar yaro a zama ɗaya.

Na uku, a kai faɗakarwa inda maza suke. Shugabannin kasuwar Ƙofar Ruwa da limamanta su ɗauki batun izini tsayayye da alamomin haɗari, a kuma buɗe awo da rigakafi da yamma ko ranar Asabar ko da sau ɗaya a mako.

Na huɗu, wanzamai da ungozomomi su zama masu kai rahoton haihuwa ga mai unguwa da sha-ka-tafi, a sanar da su illar cire beli, a wadata su da maganin shafa wa cibiya.

Na biyar, masu kemis a horar da su kan gwajin zazzaɓi da gane yaron da ya fi ƙarfinsu, tunda wurinsu ake fara zuwa.

Na shida, jiha ta ware kuɗin sayen abincin tamowa daga masu sarrafa shi a cikin gida, ta hukunta masu karkatar da shi kasuwa, ta kuma ɗauki ruwan famfo da magudanan cikin birni a matsayin aikin lafiyar yara.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa abin da ke kashe yaran Kano da abin da ke tsumburar da su sananne ne, maganinsa kuma yana cikin ikonmu. Abin da ke hana maganin isa ga yaro shi ne raunin yarda, jinkirin izini da ƙarancin abin hannu, kuma dukkansu a matakin unguwa ake warware su. Kano ta taɓa sanin kowane gida da kowane jariri saboda cuta ɗaya. Abin da ya rage shi ne a yi wa girman yaro irin wannan hidima. Saboda haka takardar tana kira ga Hukumar Lafiya Matakin Farko ta jiha da masarauta da jami'o'inmu da su fara da mazaɓa ɗaya, Ƙofar Ruwa, su buɗe rajistar yara nawa aka haifa, nawa suka rasu, nawa suka kammala rigakafi, nawa nauyinsu ya tsaya, a riƙa karanta ta a gaban mai unguwa da kansila da limami duk bayan wata uku. In tsarin ya yi aiki a nan, sai a kai shi sauran mazaɓun Dala, daga nan zuwa jiha baki ɗaya kafin 2030.